Zagin da maigidana ya kawo daga Kumasi

Maigidana ya dawo daga Kumasi da akwatin katako, da tari mai taurin kai, da ɗan Turancin Ingilishi. Duk shekarun da ya yi yana dako a kasuwar can, ban ga ya koyo gaisuwa ko tambayar hanya ba. Abin da ya kwaso sunayen mugun hali ne kawai, don su ya fi ji a bakin 'yan dako idan mai kaya ya juya baya. Mu a Arewar Dogon Dutsi ko Faransancin da ake koya wa yara a lakwal ba mu iya ba, balle wannan. Na sha tsokanarsa cewa mazan wasu sun dawo da keke, nawa ya dawo da zagi.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da Tibiri. Abin da ya dawo da shi gida gonar ubansa ce ta bakin fadama. Ƙasa ce mai damshi, ana noma hatsi a tudunta da damina, da rani a yi rogo da rake a gangarenta. Mai irin wannan gona ba ya yawon ci-rani, shi ma ya tafi ne don ya samo abin haƙa rijiya. Da zai tafi sai ya bar ta aro a hannun ƙanen ubansa, mutumin da ya riƙe shi tun yana maraya, ya yi masa kaciya, ya nema masa aurena. Baba yake ce masa, ni ma haka nake cewa.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida. Kowace kaka mai aro zai ɗauko dami guda na hatsi ya kai gidan mai gona, da rana tsaka, ta tsakiyar gari. Damin ba zai ciyar da kowa ba, amfaninsa mutane su gani su san mai gona. Da fari damin yana zuwa, ni nake karɓa. Daga baya ya daina zuwa. Sai na ji Baba ya haƙa rijiya ya dasa mangwaro, alhali ba a dasa itace a gonar aro, wanda ya dasa ya ce tasa ce ke nan. Na je gaishe shi na ɗan taɓo zancen, ya tambaye ni lafiyar yara. A lokacin shi ke riƙe da katin jam'iyya na ƙauyenmu, yana zuwa taro Dogon Dutsi, har mai gari ma yana lallaɓa shi.

Maigidana ya je ya ga mangwaron sun fi shi tsawo. Ya dawo ya zauna a gindin rumbu ya fara jera mini Turancinsa, kowace kalma da fassararta. Tif shi ne wanda ya ɗauki abinka ba ka nan. Citin kuwa a yi maka kana kallo, ana yi maka dariya. Giridi, wanda nasa ya ishe shi amma idonsa na kan na wani. Wikit ya fi su duka, shi ne wanda ya san abin da zai same ka, bai fasa ba. Ya ce Baba ya haɗa su gaba ɗaya. Haka muka yi ta yi kullum, ina daka yana wikit, ina tankaɗe yana giridi, har yaranmu suka iya suna jifan awaki da su.

Ran nan haushi ya kama ni. Na ce masa Hausa ba ta rasa sunan waɗannan abubuwa ba, muna da sata, da zamba, da haɗama, da cin amana, ya ɗauki guda ya kai wa mai ita. Ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

"Na Turanci ba su da dangi," in ji shi. "In nic ce tif, iska ta kwashe. In nic ce ɓarawo, ubana nic ce ma, kuma har in mutu maganar tana nan."

Na gane abin da yake nufi, amma ban tausaya masa ba a ranar. Ni na matsa masa har ya kai ƙara wurin mai gari.

Muna da shaida. Wani tsohon Bafillace ne da ke sauke shanunsa a gonar bayan girbi tun zamanin surukina, ya ga damin da idonsa shekara da shekaru. Ya taso daga rugarsa da ƙafa ya zo ya zauna a gefe, sandarsa a kan cinya. Sai dai a gaban mai gari ba a tambayar shaida sai mai ƙara ya faɗi laifin da aka yi masa da bakinsa. Mu mata muna bayan zana muna leƙe.

Aka ce maigidana ya yi magana. Ya miƙe ya dubi ƙasa, ya ce citin. Ya ce giridi, ya ce wikit. Matasa suka fashe da dariya. Aka waiwayi malamin lakwal, ya ce shi Faransanci ya karanta.

"Mu nan ba mu jin wanga yare," in ji mai gari. "Hwaɗi da Hausa, mi yay yi maka?"

Baba yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Ya ɗago kai ya ce, "Hwaɗi, ɗana. Ni na rene ka, ba ni jin haushi."

Ina ganin bayan wuyan maigidana yana zufa. Na dafa zanar nan har tsinke ya shige mini hannu. Can ya durƙusa ya ce, "Ba komi. Gaisuwa niz zo yi."

Mai gari ya sa albarka, ya yaba wa ladabinsa. Bafillacen ya tashi ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kama hanya, ba wanda ya tambaye shi ko kalma guda. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wunin nan ba, kuma rabinsa a kan mijina ne.

Gonar tudu da ta rage mana yashi ce, ba ta kai mu rani. Da aka gama girbi ya ɗaure akwatinsa ya koma Kumasi da tarinsa. Ba mu yi sallama mai daɗi ba. Bayan an kwana biyu wani ɗan garinmu ya dawo da akwatin, ya ce tarin ne ya tafi da shi.

Ina fita takaba mangwaro ya nuna. Baba ya aiko da ƙwarya cike, wai a ba marayu. Yaran suka kewaye ta suna shinshina, ba su taɓa samun irinsa ba. Na ture hannayensu, na ɗora ƙwaryar a ka, na bi ta tsakiyar gari, hanyar da damin ke bi. Na same shi a ƙofar gida cikin dattawa. Na juye mangwaron a gabansa, ban durƙusa ba.

"Baba, kai ɓarawo na," na ce. "Ka ci amanar maraya, ka maida ɗiyanai marayu."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce ƙarya na yi, ba kuma wanda ya ce gaskiya na faɗa. Baba ya ce a ƙyale ni, zafin rashi ne, ya sa a tsince mangwaron kada awaki su ci. Gonar tana hannun jikokinsa har yau.

Na juyo gida, bakina ba nauyi. Yaran suna tsaye a bakin ƙofa suna jirana. Ƙaramar ta yi ɗage ta leƙa cikin ƙwaryar, ta ga ba komai, ta tambaye ni ina nata.