Tayar Hagu ta Jif ɗin Yaya

Matso kusa ka ji yadda jif ɗin gidanmu ta kusa tafiya wurin masu yanka ƙarfe.

Ni ba mai fita ba ce. Rayuwata tsakanin murhu ne da bencin ƙofar gida, a wani lungu mai gangara a unguwar Nima. Daga bencin nan na san tafiyar kowa, na san tarin kowa, na kuma san kukan tsohuwar jif ɗin yayana, irin mai ja da ƙafa huɗu. Amfaninta ɗaya ne a gidan: duk mako ita ke kai mahaifiyarmu, Mma, wurin mai gashin ƙashi a unguwar Malam. Gwiwoyin Mma sun daina hawa trotro, bas ɗin haya, masu tasi kuwa ba sa yarda su shigo lungunmu saboda ramuka. In babu jif, Mma ta zauna ke nan a ɗaki.

A wata damina motar ta soma nauyi. Yaya ya taka mai, ita kuma ta riƙa ja kamar an ɗaura mata turmi a baya. Kafin su kai unguwar Maamobi sai warin ƙonewa ya cika ciki. Ran nan da suka dawo ya yayyafa wa tayar baya ta hagu ruwa, sai ga tururi, cuu, kamar kaskon ƙosai.

Bakanikenmu tsohon abokin Yaya ne, kowa Masta yake ce masa. Mutum ne mai haƙuri. Ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar dama ta yi ta gudu, ya juya ta hagu ta ƙi. Ya cire tayar, ya bubbuge kwanon ƙarfen da ke bayanta, wanda suke kira dirom, ya nuna mana takalman birki biyu da ke ciki sun cinye sun yi baƙi. Ya sa sababbi, ya sassauta musu. Suka zaga unguwa lafiya lau. Mako na zagayowa, wari ya dawo. Ya canza sifirin da ke janye takalman, ya canza tiyon man birki. Kullum a hannunsa mota ta warke, in ta kwana biyu a ƙofar gida ta koma gidan jiya.

Yaya ya gaji. Wata safiya na ji shi yana waya da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa na Old Fadama, suna cewa a zo a gani ranar Asabar. Mma ma ta ji daga ɗaki. Kokon da na kai mata a kofi ya huce ba ta sha ba.

Na same shi yana wanke fuska. Na ce, "Yaya, motar nan fa ƙara ɗaya take yi yanzu."

Ya ce, "Ƙara ɗaya kuma? Ke da ko keke ba ki taɓa tuƙawa ba?"

"Ban tuƙa ba, amma ina zaune. Da can in ka sauke birkin hannu, biyu nake ji, ƙas, ƙas, kamar an ajiye cokula. Yanzu ɗaya ne, daga can ɓangaren titi. Na ɓangaren bango ya yi shiru."

Ya yi dariya har da riƙe buta. Amma da yamma da Masta ya biyo shan shayi, Yaya ya ba shi labarin don su yi dariya tare. Masta bai yi ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Anti, tun yaushe?"

Na ce tun farkon ruwa.

Ya juya wurin Yaya. "Chale, abokina, in ka ajiye motar nan, birkin hannu kake ja?"

"A gangaren nan? Har ƙarshe nake ja. So kake in tashi in same ta a cikin gwata?"

"Ni kuma a garejina fili ne, ban taɓa ja ba. Shi ya sa take mini ladabi."

Washegari da hantsi ya zo da jak. Ya ɗaga bayan motar, ya sa Yaya a ciki, ni kuma ya ce in zauna a bencina yadda na saba, kada in matso. Yaya ya ja, ya sauke. Ƙas. Na nuna dama. Masta ya juya ta dama, ta juya. Ya kama ta hagu da hannu biyu, ko motsi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya zare wayar birkin hannu daga bayan dirom ɗin, ya tura tayar da ƙafa. Sai ga ta tana ta juyi ita kaɗai, shuu, har ta gaji ta tsaya. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Ya fito da wayar. Robar da ta lulluɓe ta ta tsage, ciki duk tsatsa, ta ƙame kamar sanda. In an ja tana kamawa, in an saki ba ta komawa, sai takalman su yi ta gugar dirom. Masta ya kankare wani farin abu daga jikinta da farce, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wa ke jiƙa kifi a gidan nan?"

To, ka san zaman zango. Gidan haya ne, mata da yawa, magudana ɗaya, ita ma kullum a toshe. In ka watsa ruwa a tsakiyar lungu, mai tafiya masallaci zai ɗaga riga ya gaya maka magana. Sai matan gida suka samu wuri mai rufin asiri, tsakanin bango da tayar jif. Ruwan wanki, ruwan shinkafa, duk can ake wurga su a ƙarƙashi. Maƙwabciyata kuma mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kullum sai ta jiƙa busasshen kifi mai gishiri, ruwan kuwa nan yake ƙarewa.

Tana tsaye a ƙofa da roba a hannu. Ta ce, "Masta, ni na ga mota ce mai shiga kogi, na ce ɗan ruwan kifi me zai mata?"

Ya ce, "Kogi ba a sa masa gishiri, Hajiya. Kin kusa dafa ta da miya."

Aka yi ta dariya har Mma ta aiko a tambayi abin da ya faru. Masta ya hau babur ya samo wata wayar a kasuwar kayan mota, ya cusa mata giris, ya ɗaura. Ya ce daga yau a bar motar a giya, a tokare taya da katako, birkin hannu a ja shi kaɗan. Mazan gida suka fito da sanda suka buɗe magudana a ranar. Yaya ya koma gefe ya kira mutumin Old Fadama, na ji yana cewa, "Ka yi haƙuri, maigida, an fasa."

Ranar zuwa Malam, Yaya ya leƙo kicin ya ce, "Ɗauko mayafi, injiniya, yau da ke za a je." Na shiga baya, Mma a gaba, sandarta a tsakanin gwiwoyi. Motar ta sauka gangara sakayau, ta ratsa cunkoso, ta hau titin Winneba, ni ina ta shaƙar iska ko zan ji wari, babu sai na hayaƙin trotro. Da muka isa na sauka na ɗora tafin hannu a kan tayar hagu. Ɗumin rana ne kawai.

A hanyar dawowa Mma, wadda ta yi makonni ba ta ce a kai ta ko'ina ba, ta gyara ɗankwali ta ce a bi ta kasuwar Makola, tana son ta zaɓi atamfa da idonta. Yaya ya ce, "Mma, Makola da yammar nan? Ina za mu ajiye mota?" Ta ce wannan matsalar direba ce, ba tata ba.

Yaya ya kalle ni ta madubi yana neman in taya shi, ni kuwa na juya ina kallon waje. Kai da kake ji, da kai ne a kujerar nan, bayan wa za ka bi?