Fuskar Baba Nomau a Kan Takardar Siminti

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa a Tasawa. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, ni ma da na rage gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Jikata Rabi ce ta tayar mini da zancensa cikin makon nan. Na same ta ta duƙufa a kan waya tana jan yatsa, ko sallamata ba ta amsa ba. Da na matsa mata sai ta nuna mini wata mace mai fukafukan jemage, ta ce daga wani littafin ban tsoro ta ciro ta, wai akwai yara irinta a garuruwa da yawa da ke zana mutanen littattafan da suke so suna aika wa juna. Na ce mata ai kakanki ya riga ku, tun ana ɗora gyada a kan raƙumi. Ta ce to in nuna mata hotonsa. Ga shi ko na jikin katin shaidarsa gara ta daɗe da cinyewa.

Lawali bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni na yi. Ranar da dogaran sarki suka zo neman yaron da gidanmu zai bayar, babanmu ya cusa Lawali cikin rumbu, ya miƙa ni, tunda a ganinsa gona ba za ta yi kewata ba. Haka na zama malamar makaranta, shi kuwa mai kan da ya fi nawa ya ƙare a filin sayen gyada, yana buga lamba a jikin buhuna da baƙar tawada. Shekarun nan ne da aka samu mulkin kai, gyada tana da daraja, in kaka ta yi garin ba ya zama wuri ɗaya. Manyan motoci, raƙuma, jakuna, 'yan ƙauye da leburori, kowa jikinsa na warin gyada. Lawali yana tsakiyarsu da gwangwanin tawadarsa, kuma da ya samu sararin aiki sai ya koma zane. Tun yana ƙarami bai bar bangon gidanmu ya huta da gawayi ba, ya sha bulala a kan haka har babanmu ya gaji.

Littattafan da yake zana mutanen cikinsu daga wurin mai tsire suka fito. Wani Bature na kamfanin gyada ya koma ƙasarsu ya bar akwatinsu, kukunsa ya kai wa mai tsire don naɗe nama. Lawali ya ga ana yagar su, ya kwaso mini abin da ya rage. Duk ba su da bango, ba hoto ko ɗaya a ciki, wasu ma farkonsu ya riga ya tafi da yaji da mai. Labaran ban tsoro ne da na al'ajabi: matattu masu tashi, mutum mai rikiɗa dabba, sarauniyar da ke ƙarƙashin ruwa. Bayan la'asar mukan zauna gindin bedi, wato darbejiyar ƙofar gida, ina karantawa da Faransanci ina mayar masa da Hausa, shi kuma yana zanawa a bayan takardar siminti. In na yi sauri sai ya ce, “'Yar lakwal, koma baya, ba ki gaya mini mi ya sa a ƙahwa ba.”

Bai taɓa ganin ƙasar Turawa ba, don haka duk ya kwaso su ya zaunar da su a Tasawa. Dabbar da littafin ya ambata ba mu da irinta, sai ya yi kura. Gidan dutsen sarakunansu ya zama soro mai zanko. Sarauniyar ruwa kuwa kitson Fulani ya yi mata, ya zaunar da ita bakin tabki. Abu ɗaya ne ba ya iya ƙirƙira da ka, shi ne fuska. Sai ya ga ta wani ya ara. Kura mai rikiɗa ta samu idanun wani direba, kowa ya gane, aka yi ta dariya, direban ma ya fi kowa.

Sai muka kai ga labarin wani basarake da ya mutu bai mutu ba, yana rayuwa da jinin mutane. Littafin ya ce dogo ne, ramamme, idanunsa sun faɗa, ga ladabi da sanyin murya. Lawali bai yi nisa wajen nema ba. Kusa da shi a filin gyada akwai Baba Nomau, wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Hawandawaki, wanda ke zuwa kowace kaka yana ɗinke bakin buhuna. Ba shi da kowa a garin, ɗaki ɗaya aka ba shi a zauren wani gida. Kwano ɗaya suke ci da Lawali. Da ya ji abin da ake so da shi sai ya yi dariya har basillarsa ta faɗi, ya ce, “Kai yaron ga, in za ka sa ni cikin takarda, to ka sa mini alkyabba ta kirki. Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa sa ta ba.”

Alkyabbar ta fi fuskar cin lokaci. Lawali ya samo shuni, ya jiƙa jan karan dafi, ya bi aikin wuya zare-zare. Har yau ban ga abin da ya fi wannan zanen kyau daga hannunsa ba. Ga Baba Nomau tsaye kamar sarki, ya sunkuya kan wata yarinya mai barci, da ɗigon ja a gefen bakinsa, daidai yadda littafin ya faɗa. Tsohon ya yi murna ƙwarai. Shi da kansa ya manna shi a bangon rumfar da suke aiki, duk wanda ya zo sai ya ja shi ya ga alkyabba.

Ga abin da yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacin, hoton da yawancin mutanen ƙauyukanmu suka sani shi ne na jikin kati, wanda ka zauna gaban mai hoto ya ɗauke ka yadda kake. A wurinsu hoto shaida ce ta abin da aka gani. Kura mai idon direba wasa ce, don ba wanda ya ga direba da wutsiya. Amma mutum sak, da fuskarsa, da jini a baki, a kan yarinya kwance, wannan mun riga mun san sunansa tun kafin Bature ya zo. Kuma an yarda akwai masu ido da ke ganin mayu a inda sauran mutane ba sa gani. Ba a daɗe ba zance ya zaga kasuwa cewa Lawali mai ido ne, ya ga abin da baƙon nan ke yi, ya rasa bakin faɗa shi ya sa ya zana.

Mu ne na ƙarshe da muka ji. Kafin nan zazzaɓi ya kama wata ƙaramar yarinya a gidan da tsohon ke kwana, tana ta sambatu. Da hantsi aka aiko mini a makaranta, na bar yara na fito da littafin a hannu. Na tarar da ƙofar gidan cike, an shimfiɗa yarinyar a tabarma a tsakar gida, an tsayar da Baba Nomau a kanta. Al'adar ita ce wanda ake zargi ya tuɓe rigarsa ya tsallake mara lafiya, a ce ya saki kurwarta. Lawali yana tsakiyar mutane yana rantsuwa, muryarsa ta dushe. Na ɗaga littafin na ce ga inda labarin ya fito, na fara karantawa ina fassarawa. Ba wanda ya saurare ni. Kakar yarinyar ta dafa kafaɗar Lawali, ba da faɗa ba, ta ce, “Ɗana, mun san tausai nai kake ji. Amma in ba ka gani ba, ƙaƙa ka yi ka zana?”

Nan take Lawali ya tsuguna ya ɗauki gawayi daga murhu, ya zana basaraken a bangon gidan da tasa fuskar, da wushiryarsa da tabon goshinsa. Ya ce ku duba, kowa ina iya sawa, ga ni nan ni ma. Suka duba, suka ce Allah sarki, yaron kirki, yana so ya rufa wa abokin cin tuwonsa asiri.

Baba Nomau bai yi gardama ba. In ya ƙi, a ce ya riƙe kurwar. Ya cire rigarsa da hannunsa, ya ninke ta ya ajiye, ya tsallake yarinyar. Na ga haƙarƙarinsa, na ga yadda ya kau da kai kada ya haɗa ido da ni. Na tsufa, na binne miji da 'ya'ya biyu, amma wannan tsallaken bai bar idona ba.

Da yamma Lawali ya matsa wa uban yarinyar har aka kai ta wurin likita aka yi mata allura. Ta warke, kuma alhamdu lillahi da ta warke, ta rayu har ta ga jikoki. Sai dai warkewarta ce ta gama da tsohon. Ba wanda ya tuna da allurar, kowa tsallaken ya tuna. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya biyo hanya, mai fura ta daina ganinsa, leburori suka ɗauke tabarmarsu daga rumfar. Lawali kaɗai ya rage a bakin kwanon. Kakar gyadar ba ta ƙare ba tsohon ya ɗaure kayansa.

Lawali ya raka shi har bayan gari da zanen a hannu, yana so ya yayyaga shi a gabansa. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin abin da ya faru a wurin. Tsohon ya riƙe masa hannu ya ce, “Kak ka ɓata aikinka. Yanke kan ka riƙe, ka ba ni alkyabbar.” Da wuƙar yankan igiyar buhu aka raba takardar. Tsohon ya ninke rabonsa ya sa a aljihu, ya bi hanyar yashi.

Labarin ya riga shi isa ƙauyensu, tunda masu raƙuman da ke kawo gyada su ne masu komawa. Duk shekara bayan girbi Lawali yakan je can, ya zauna a ƙofar gidan tsohon ya ci abinci a gaban jama'a, ya maimaita wa duk mai saurare yadda aka yi. Suna karɓarsa da mutunci, suna jinjina masa kai, ba abin da ya canza. Bayan rasuwar tsohon ma bai fasa zuwa ba, har ƙafarsa ta gaza. Gyada ta mutu da fari, filin ya zama wurin ɗaure awaki, Lawali ya koma rubuta sunaye a allunan shaguna da jikin motoci. Bai daina zana mutanen littattafai ba, ni ma ban daina karanta masa ba, amma bai sake aron fuskar kowa ba. Matacce mai tashi, kura, boka mai gemu, har sarauniyar ruwa, duk wushirya gare su da tabo a goshi. Masu ɗaukar hoto kuwa bai sake yarda sun tsaya gabansa ba har ya koma ga Allah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Rabi da wayarta. Na san zai yi kishin launukan nan da ba sai an jiƙa karan dafi ba, kuma zai ji daɗin cewa ashe ba shi kaɗai ne mahaukacin ba, kamar yadda babanmu ke kiransa. Amma na ga yadda yaran ke ɗaukar fuskar mutum su manna a jikin abin da bai yi ba, kafin a sha ruwa ta kai inda raƙumi ba ya kaiwa a wata guda. Suna cewa kowa ya san wasa ne. Mu ma haka muka ɗauka gindin bedi.

Bara na shiga motar haya zuwa wajen wata ta'aziyya, muka bi ta ƙauyen Baba Nomau. Wata mata da ke kusa da ni, wadda ba a haifi ko uwarta ba lokacin da abin ya faru, ta nuna gidan zuriyarsa da haɓa ta rage murya ta ce mini nan ba a neman aure, gadonsu ne tun daga kaka. Ba ta san akwai wani zane ba, ba ta taɓa jin sunan Lawali ba. Na faɗa mata gaskiyar lamarin tun daga mai tsire, ta ce to Hajiya, Allah shi ne masani, ta juya ga taga. Abin da ya fi komai daɗewa cikin aikin yayana ke nan, kuma ya mutu yana sane. Shi ya sa na rubuto wannan, ko wani daga yankin zai karanta wa na kusa da shi. Baba Nomau ba maye ba ne. Ni na karanta labarin, a gabana aka zana.

Jiya na jawo akwatin zane-zanen Lawali daga ƙarƙashin gado na buɗe wa Rabi. Na ce kina son ganin kakanki, to ga shi, zaɓi wanda kika ga dama. Ta yi ta ɗaga takardun tana dariyar wushiryar sarauniyar ruwa, ni kuwa ina kallon yayana yana leƙo ni daga jikin kowane dodo. Can ƙasa ta ci karo da guntuwar takarda mai yankakken gefe, kai ba jiki. Ta ce wannan ya fi duka ban tsoro, bari ta ɗauka ta aika wa ƙawayenta, wane dodo ne shi.

Na karɓe takardar na kife ta a cinyata. Na ce, “Ajiye wayar nan. Wannan mai ɗinkin buhu ne, alkyabba kawai ya roƙa.”