Kunnen Ragon Majami'a

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da majami'ar unguwarmu a Filinge. Ɗaki ne dogo na bulo, masu zuwa kuma yawancinsu ma'aikata ne da gwamnati ta turo, da 'ya'yansu. A ƙarshen wata damina iska ta yaye musu rufin kwano. Duk rani a ƙarƙashin zana suka yi ibadarsu, kowa kuma ya san ranar da ruwa ya sauka zana ba za ta hana komai ba.

Matasansu ne suka ɗauki nauyin sabon rufi. Shugabarsu 'yar majo ce, wato babban ma'aikacin jinya na asibiti, doguwa mai saurin magana. Sun toya fanke a bakin lakkol, makarantar bokon garin, sun wanke babura a tashar Yamai, abin da suka tara bai taka kara ya karya ba. Daga baya suka yanke shawarar su zuba shi duka a kan rago ɗaya, su turke shi, su sayar lokacin layya, tun da a shekarar Sallah ta faɗo gab da damina.

Ba su da garke, sai 'yar majo ta yi mini sallama.

"Baba, aron turke muka zo."

Na ce su kawo. Haƙƙin maƙwabci bai tambayi inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba. Suka ɗaure shi cikin tumakina, fari ne mai baƙin kai. Safe da yamma suna zuwa da harawa da dusa, har ragon ya cika, wuyansa ya yi kauri, masu wucewa suna leƙowa ta ƙofa.

Ana saura 'yan kwanaki kasuwar ƙarshe kafin Sallah na tafi Bonkuku ta'aziyya. Da na dawo na shiga garke, na ga kunnen ragon na dama ya gajarce, bakin yankan ya fara bushewa.

Wani saurayi ne cikinsu, mai koyon gyaran babur, ya yi aikin. Ya ga ina da rago mai kama da nasu, ya ji tsoron kada a rikita su ranar kasuwa, ya sa wuƙa ya yi masa shaida yadda ake yi a ƙauyensu. Da murmushi ma yake ba ni labari.

Na tara su na gaya musu abin da muka karanta gaban malamai: dabbar da aka yanke wa fiye da sulusin kunne ba ta yin layya. In yankan kaɗan ne, babu laifi. Nasu kuwa yana kan iyaka, ni kaina ban iya rantsewa ba. Saurayin ya zauna a ƙasa. 'Yar majo ta dubi gabas kawai, inda hadari ya fara haɗuwa kowace la'asar.

Ranar kasuwa muka ja shi zuwa kara, wurin sayar da dabbobi. Dillalin da na sani ya zagaya shi, ya taɓa gadon baya, ya kai ga kunne, ya tsaya.

"Wa yay yi wanga ɗanyen aiki?"

Ya juya wajen 'yar majo. Ya rage murya ya ce a ɗaura masa ƙyalle a ka, irin na ado, a bar masa sauran.

"Ɗiyata, mutane na sauri yau. Wa ka duban kunne?"

Ragon nasu ne, rufin nasu ne, amma layyar ta wani Musulmi ce, kuma ni na kawo su. Ban san abin da zan yi ba in ta yarda. Ta daɗe tana murza igiyar a hannunta.

"A'a, kawu. Bar shi hakanan."

Masu saye suka yi ta zuwa. Kowa ya taya sai ta ce, "Ku dubi kunnen tukuna." Wasu ko dubawa ba sa yi, su wuce. Da rana ta take wani dattijo ya zo daga wajen Abala, ragon ya shiga ransa ƙwarai. Ya tsuguna, ya kamo kunnuwan biyu ya haɗa su a bayan ƙaho, ya auna lafiyayyen da yatsu, ya auna yankakken. Ya sake aunawa. Matasan suka kewaye shi, ba mai motsi. Saurayin nan leɓɓansa suna rawa, ina jin addu'arsu yake yi.

Dattijon ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Ya hi sulusi, ko da kaɗan. Ban iya kai ma Allah abin da nike shakka. Amma ke, Allah shi yi miki albarka."

Ya tafi. Dillali ya tofar da goro ya koma kan wasu raguna.

Da la'asar iska ta fara tashi, kasuwa tana watsewa, mahauci ya zo ya saye shi da kuɗin nama. Saurayin ne ya miƙa masa igiyar.

Kwanon da suka samu ya rufe rabin ɗakin, daga wajen da fasto yake tsayawa zuwa tsakiya. Ruwan farko ya sauka ranar Lahadi da hantsi. Ina zaune a zaurena ina jin su ta bayan katanga, suna jan bencuna gaba, tsofaffi da mata suna matsuwa ƙarƙashin sabon kwano. Matasan suka tsaya a baya inda zana take zuba, a jiƙe, suna waƙa.