Murar Asiya

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, akwai abu ɗaya da ba zan taɓa mantawa ba. Ya faru ne a daminar shekarar da mura ta kayar da mutane, shekara uku kafin Turawa su miƙa mulki. Ba zan kama sunan kowa ba sai na yayata, don idan aka cire sunanta babu labarin. Sunanta Asiya.

A lokacin ni tela ne a kasuwar Gusau, ina da keken ɗinki ɗaya da bakin da ya fi keken gudu. Ita kuwa tana Tsafe. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da wainar da take toyawa a bakin tashar jirgin ƙasa take ciyar da su. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, amma wannan bai hana ni tsokanarta ba, ita ma ba ta raga mini.

Tun kafin ciwon ya iso, labarinsa ya riga shi. A rumfarmu ta teloli kowa ya zama likita. Wani ya ce jirgin ƙasa ke ɗauko shi daga kudu. Wani ya ce alhazai ne suka dawo da shi. Mai gugar da ke kusa da ni ya rantse ɗanyar masara ce, shi kuwa wani direba ya ce Turawa ne suka fasa wani abu a sama, hayaƙinsa ke saukowa tare da ruwa. Tsofaffi kaɗai ba sa dariya. Su sun ga marisuwa, murar da ta share gidaje bayan yaƙin duniya na farko, sai dai su girgiza kai su ce Allah ya kyauta.

Ana cikin haka yayata ta zo Gusau sayen man gyaɗa. Ta biyo ta rumfata tana ta atishawa, idanunta jajur, ta sha ruwa, ta gaisa da kowa, ta koma. Bayan kwana uku muka taru a kantin wani Alhaji mai rediyo muna jin labarai. Mai karantawa ya ce ciwon ya shigo ƙasar nan, kuma sunansa murar Asiya. Na san ƙasa ake nufi, can gabas mai nisa, don na ɗan taɓa makarantar dare. Amma bakina ya riga hankalina.

"Kun ji ko?" na ce. "Murar Yaya ce! Ba ku ga yadda tash shigo tana atishawa ba? Har rediyo ya san da ita."

Aka bushe da dariya, har Alhajin yana riƙe ciki. Ni kuwa na ji daɗi, na maimaita sau biyu don waɗanda suka zo a makare. Cikin masu dariyar akwai direbobi da fatake, mutanen da gobe suna wani gari. Wannan ban lissafa da shi ba.

Mako biyu bayan nan na kai riguna kasuwar Bungudu. Lokacin ciwon ya fara kwantar da mutane, rabin rumfuna a rufe. Wani dattijo da ke taya riga ya dube ni ya rage murya.

"Yaro, in kana bin hanyar Tsahe, kada ka ci waina a tasha. Wata mata ce can, Asiya sunanta, ita ka zuba ciwon ga cikin ƙullu. Gwamnati da kanta ta hwaɗi sunanta a rediyo."

Na ce, "Baba, wa yag gaya maka?"

"Kowa ya sani. An ce ma ƙanenta na ciki ɗaya shi yat tona ta."

Ban san lokacin da na naɗe rigunan ba. Na koma Gusau, washegari da safe na hau jirgi zuwa Tsafe. Kafin in tafi na biya wurin wani malamin makaranta, Kirista mutumin kudancin Zariya, wanda nake ɗinka wa wando. Na roƙe shi ya ara mini taswirar duniya, ya naɗe ta ya ba ni, ya ce in kiyaye ta daga ruwa.

A tashar Tsafe na tarar da duwatsun murhunta uku, babu wuta, babu tanda. An ce wani tsoho ya ci wainarta, ya kwanta, bai tashi ba, 'ya'yansa suka zo suka kifar mata da ƙullu. Alhali a makon nan tsofaffin da ba su taɓa ɗanɗana wainarta ba su ma sun rasu. Na tara 'yan dako da masu talla, na shimfiɗa taswirar a kan buhun gyaɗa, na ɗora yatsa.

"Ku duba nan. Wagga ƙasa ita a Asiya. Daga nan ciwon yat taso, ba daga kaskon yayata ba."

Suka sunkuya suna kallo. Ɗaya daga cikinsu da ya iya haɗa baƙi ya karanta a hankali, ya ɗago kai.

"La ilaha illallahu! Har a takardar Turawa an rubuta sunanta!"

Yau idan na ba da wannan labari mutane dariya suke yi. Ni a ranar kuka ne ya zo mini. Na yi rantsuwa, na ce ni na fara maganar, kuma wasa nake yi. Suka ce ai dole in ce haka, jini ɗaya ne.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗen garin da ba ta da mai saye. Murarta ta warke tuni. Yaran suna zaune jugum, don an hana 'ya'yan maƙwabta wasa da su, kuma an ce kada ta ƙara jan ruwa a rijiyar unguwa. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, ba ta daina tankaɗen ba.

"Auta, na sani," ta ce. "Tun randa anka ce wani tela ne, nis san babu telan da ka iya wannan ɗinki sai kai. Tashi ka wanke hannu, akwai sauran tuwo."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban kai ga komawa Gusau ba, washegari zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakinta. Kwana shida ina kwance, kaina kamar ana sara. A cikin kwanakin nan ciwon ya mamaye unguwar gaba ɗaya, gida guda sai ka tarar babu mai iya hura wuta. Ita da ta riga kowa kamuwa, ita kaɗai ke tsaye da ƙafafunta. Kullum da safe sai ta dama kunun tsamiya tukunya guda, ta sa citta da barkono, ta bi gida gida. Har gidan waɗanda suka kifar mata da ƙullu ta shiga. Wasu suka karɓa suna sunkuyar da kai. Wasu, ina ji da kunnena ta katanga, suka ce ai mai ciwo ita ta san maganinsa. Suka sha dai.

Da damina ta ja baya, ciwon ya tafi yadda ya zo. Kowa ya koma harkarsa, masu masara da masu hayaƙin Turawa duk suka manta da abin da suka faɗa. Maganata kaɗai ce ta zauna, don ita ce ke da mutum a cikinta. Yayata ta sake kafa murhu a tasha, amma matafiya sun riga sun saba wucewa, bayan wata biyu ta haƙura ta koma surfe a gidajen mutane. Kuma daga ranar har ta koma ga Allah, babu wanda ya ƙara kiranta da sunanta shi kaɗai. Asiya Mura ake cewa. Jikokinta a yau, in ka je Tsafe kana neman gidansu, sai ka ce gidan Mura kafin a gane.

Kowace salla ina ɗinka mata kaya, ita da yaran, har suka girma. Wata shekara, tsufa ya riga ya kama ta, na kai mata sabon zane da riga. Ta shafa ɗinkin, ta yaba, sannan ta dube ni tana murmushi.

"Sun yi kyau, Auta. Amma duk kayan da kaɗ ɗinka min, babu wanda yay yi ƙarko kamar na shekarar mura. Har yau ban samu na tuɓe shi ba."

Abin da na koya ke nan. Lokacin da mutane ke cikin tsoro, ba wasa suke ji ba, wanda za su ɗora wa laifi suke nema. Tun daga shekarar, duk sa'ad da wata cuta ta ɓullo aka zauna ana ce-ce-ku-ce, nakan ja bakina in yi shiru. In abin dariya ya zo mini har kan harshe, sai in tuna duwatsun murhun nan uku a tashar Tsafe, in haɗiye.