Minti Tara a Kan Injin Gudu

Yayana direban bas ne a kamfanin sufurin cikin gari, shekara ashirin da shida a kan sitiyari, bai taɓa goge ko madubin motar wani ba. A gareji Sannu-sannu suke ce masa, don ko fasinjoji za su tsage maƙogwaro da ihun sun makara, ba ya ƙara wa totur ko kaɗan. Zaman kujerar nan ne ya ci shi. Ya hau ta siriri kamar sanda, har ya kai kilo ɗari da goma sha takwas, in zai sha kwana sai tumbi ya gogi sitiyari. Ni ce autar gidanmu, malamar firamare, kuma ni kaɗai ce a dangi nake iya faɗa masa haka ido da ido.

Bara likitan kamfani ya auna shi, ya ga jini ya hau, ya ɗora shi a kan magani, ya ba shi wata uku. In sun cika za a manna masa wayoyi a ƙirji, a hau da shi injin gudu, ya yi minti tara injin na ƙara sauri da tudu. In ya kai, ya ci gaba da tuƙi. In bai kai ba, a karɓi makulli, a mayar da shi bakin ƙofar gareji yana rubuta lambobin motoci masu fita. Mutumin da ko hawa bene ɗaya sai ya tsaya a tsakiya yana yi kamar yana duba waya.

Wajen motsa jiki na unguwa bai ko kalla ba, wai ba zai je ana yi masa kallon tumbi ba. Wurina ya zo, don ya san ina da injin. Na saye shi shekara biyu da suka wuce da babban buri, na hau sau uku, daga nan ya zama wurin rataye labule da kayan guga a ƙaramin ɗaki, tsakanin teburin guga da kwalayen takardun jarrabawar ɗalibaina.

Ranar farko da wandon aiki da takalmin fata ya zo. Na ce, "Yaya, da wannan za ka gudu?"

Ya ce, "Auta, kunna kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni tafiyar ta matso."

Na kunna masa, na sa saurin a kan lamba biyu. Ya kalli lambar a wulaƙance, ya danna, ya danna, har ta kai tara. Wanzami dai ba ya son jarfa. Wanda ya shekara ashirin da shida yana koya wa gari haƙuri, ya kasa yi wa ƙafafunsa na minti ɗaya. Ɗakin ya ɗauki dim, dim, dim, kwalaye na rawa. Da numfashi ya ƙare masa yana son tsayawa, bai nemi jan maɓallin tsayarwa da ke gabansa ba. Ƙafar dama ya ɗaga ya taka da dukan ƙarfinsa, irin takun birki. Bel ɗin injin da ke gudu a ƙarƙashinsa ya kwashe ƙafar, ya watsa min shi a kan takardun 'yan aji huɗu.

Allah ya yafe min, na yi dariya har da riƙe ciki. Sai da na ga fuskarsa na haɗiye sauran. Yana zaune a ƙasa, gwiwa ta kuje, yana haki, idonsa ya kaɗa. Tsoro ne, ban taɓa ganinsa a fuskar Yaya ba, kuma ya tsaya min a rai.

Na kawo masa ruwa, na zauna a gefensa. Na ce, "Bas cike da mutane, da wace giya kake tashi?"

"Ta ɗaya mana."

"In ka tashi da ta huɗu fa?"

"Mota ta mutu a wurin." Ya harare ni. "Wato ni ne bas ɗin."

"Cike maƙil, Yaya, har da na tsaye."

Washegari ya dawo ƙarfe huɗu, bayan ya sauka daga aiki, da takalmin kambas sabo fil da takarda a hannu. Ya zana jadawali irin na tashoshin bas ya manna a bango: minti biyu tafiya, rabin minti sassarfa, a koma tafiya. Ya yanki farin filasta ya rubuta BIRKI ya liƙa a kan jan maɓallin. Saura matsala ɗaya. Yaya ba ya iya tafiya gaba bai duba madubi ba. Kowane ɗan lokaci sai kansa ya juya dama, ya juya hagu, kuma inda kai ya juya nan jiki yake bi, har ƙafa ta hau gefen injin. Na yi faɗa na gaji. Shi ya samo maganin abinsa: ya kwaso tsohon madubin bas daga gareji, ya ɗaure shi da waya a ƙarfen gaba. Ba abin da yake gani a ciki sai ƙofa da teburin guga, amma wuyansa ya zauna.

Wahala kam ya sha ta. Cinyoyinsa suka goge juna har suka yi ɗanye, sai da muka koma shafa man jelly kafin ya hau. Ƙwaurinsa ya yi ciwon da a sati na uku ya kwana biyar tafiya kawai yake yi, yana cika yana batsewa. Maƙwabciyata ta ƙasa ta hau sau biyu tana tambaya ko rushe gini muke yi, muka shimfiɗa tsohon kafet ninki uku a ƙarƙashi. Matarsa ta janye masa gishiri da mai, yana zuwa yana kawo min ƙararta, ina ba ta gaskiya. Akwai ranar da ya hau sikeli bayan wata guda cur ya ga kilo biyu kacal suka tafi. Ya daɗe yana kallon allurar. Na ɗauka zai ɗauki jakarsa ya tafi, sai ya ɗaure igiyar takalmi ya hau.

A wata na uku rabin minti ya zama uku, uku ya zama shida. Kilo bakwai ya sauke, har yanzu ƙato ne, amma ya daina tsayawa a tsakiyar bene. Sati biyu kafin gwaji ya yi minti goma da tudu, gumi ya yi masa sharkaf, ya sauko yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir. Ranar ni ma na yi alfahari da shi, ban ɓoye ba.

Na raka shi asibiti. Suka bar ni a kusurwa riƙe da rigarsa. Aka aske masa gashin ƙirji wuri-wuri, aka manna wayoyi, injin ya tashi. Minti uku, lafiya. Shida, yana numfashi da tsari yadda ya koya, idonsa a gaba. Bakwai. Takwas. Ina ƙirgawa a zuci, na matse rigar nan kamar zan tatse ta.

Sai ya ɗaga hannu.

Likita ya ce, "Saura sakan arba'in, malam. Gajiya ce?"

"A'a, ƙafa na iya kaiwa," in ji Yaya yana haki. "Wani abu ne ya danne min ƙirji, yana gangarawa hannun hagu. Ban taɓa jin irinsa ba."

Likita bai ƙara tambaya ba, ya kashe injin, suka kwantar da shi. Bayan ya lafa aka ce sai an yi hoton jijiyoyin zuciya cikin satin, kuma daga ranar babu tuƙi. Yaya na kwance da wayoyi a jiki ya tambaya, in an gyara abin da ya lalace, ko za a sake ɗora shi. Likita ya ce a bari a ga hoto tukuna, in komai ya tafi daidai, bayan wata shida. Yaya ya ce a rubuta masa ranar.

A barandar asibitin na kasa riƙe bakina. Tsoro da haushi suka haɗu min wuri ɗaya, hawaye na zuba ina faɗa. "Sakan arba'in, Yaya! Wata uku kana cin wuya, cinya ta goge, gwiwa ta kuje. Shi kansa likitan gajiya ya zata. Da ka cije ka ƙarasa, ka karɓi takardarka, gobe mu je wani asibitin a duba ka a asirce. Wa zai sani?"

Ya zauna a benci, singileti a jiƙe, ya bar ni na gama.

"Na yi wannan tunanin, Auta," ya ce. "Tun a minti na bakwai da rabi na fara jin abin, ina ta lissafi irin naki. To amma sawun ƙarfe bakwai na safe mutum sittin nake ɗauka, rabi 'yan makaranta. 'Yarki ma a bayan kujerata take zama, kullum sai ta ce Kawu ina kwana. In abin nan ya danne ni a kan gada fa?"

Na miƙa masa rigarsa. Ya saka, ni na ɓalla masa maɓallan.