Bayan Kawu Ya Ajiye Tuƙi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa babbar mota. Mu duk Kawu Direba muke ce masa. A wata bai fi ya kwana huɗu a gida ba. Ya zo da tsaraba, ya yi barcin gajiya, kafin yara su gama sakin jiki da shi ya sake kama hanya. Da ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Kamfani ya karɓi makulli, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida yana da shekara hamsin da bakwai.

Da farko bai damu ba, don a ganinsa shi mai jama'a ne. Wayarsa cike take da lambobi: Mai Faci na Gada, Bakanike Dogo, Mai Shayin Tasha. Ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. A gaisa, a yi dariya, sai a ce, "To yaushe za ka biyo ta nan?" In ya ce ai ya ajiye tuƙi, sai a ce, "Allah sarki," can a ce ga mai aiki ya zo, sai an jima. Cikin wata biyu kiran ya ƙafe.

'Ya'ya duk sun watse, kowa da gidansa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta rasa abin yi: yau barka, gobe dubiya, jibi ƙawaye sun cika falo. Shi kuwa sai ya wuni yana gyara abin da bai lalace ba. Sau biyu yana kwance fankar falo. Ranar da ya shiga kicin ya sake wa tukwane wuri, Inna ta ce, "Malam, don girman Allah ka fita ka nemi 'yan uwanka maza. Shekara talatin ina addu'ar ka zauna a gida, ashe ban san abin da nake roƙo ba."

Ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Da la'asar ya sa hula ya nufi ƙofar shagon tela, inda dattawan layin suke zama a kan dogon benci. Ya yi sallama, aka amsa, aka matsa masa. Sai wani mai farin gemu ya dube shi cikin mutunci ya ce, "Baƙo, wajen wa ka zo?"

Shekara ashirin da biyu ke nan da gina gidansa a layin nan.

Bai yi fushi ba. Ya gabatar da kansa, ya kuma kama ba su labarin hanya: yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangara, yadda ya kwana uku a daji da karyayyen gatari, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin mota. Ranar farko an saurara. Rana ta biyar, yana doso bencin mutum biyu suka tuna suna da uzuri. Tela bai ɗago daga kan kekensa ba ya ce, "Direba, in faɗa maka gaskiya? Ba ka ba kowa hannu ya wuce. Kai kaɗai kake ta gudu, mu muna shan ƙura."

Kwana biyu Kawu bai fita ba. Da na je gaishe shi na tarar da shi a tsakar gida yana goge takalmin da ya riga ya goge. Ya ce min, "Ɗiyata, lokacin da muke yara, ƙwallo ɗaya kawai za a buga an zama abokai. Yanzu kowa ya cika motarsa, ba wurin fasinja." Ya ajiye burushin. "Amma ni ban ga ta zama ba. Gobe zan koma."

Ya koma, ya kame bakinsa. Ya ce shirun nan ya fi tuƙin kwana wahala. Ya ɗora wa kansa doka: kullum sai ya tambayi mutum ɗaya game da sana'arsa, ya kuma saurara har ƙarshe. Mai wanki ya zaci tallan magani zai yi masa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. A hankali dai aka saba da shi, har ana aje masa wurin zama. Sai dai in an yi wani tsohon barkwanci kowa ya fashe, shi sai ya yi yaƙe, don ba ya nan lokacin da abin ya faru. Sanayya ya samu, ba abota ba, kuma ya san bambancin.

Likita ya sa shi tafiyar ƙafa, don haka kowace safiya yana zagaya filin ƙwallon wata makaranta. A nan ya fara ganin wani tsohon hedimasta da ɓarin jikinsa ya shanye, yana jan ƙafar hagu da sanda, fuska a murtuke. Wata rana sandar ta zame, Kawu ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Na ce maka faɗuwa zan yi?" in ji Hedimasta. "Sake ni."

Kawu ya sake shi. Amma daga ranar ya rage sauri, ya riƙa binsa a baya da tazarar taku goma, yadda yakan bi motar da tayarta ke rawa. Ba gaisuwa, ba magana, har kusan sati biyu. Sai wata Talata asibiti ta riƙe Kawu bai zo ba. Washegari yana shigowa filin, Hedimasta ya tsaya ya juyo.

"Jiya ina ka shiga?"

"Asibiti, ranka ya daɗe."

"To ai sai ka faɗa. Kuma in za ka bi mutum, ka zo gefensa mana. Ni ba akuya ba ce da za a riƙa kora ni daga baya."

Tun daga nan suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna musu. Ba abin da suka yarda da juna a kai. Hedimasta ya ce direbobi ne suka lalata tituna, Kawu ya ce malamai ne suka yaye waɗanda suka yi titunan. Wata safiya, ba tare da an tambaye shi ba, Hedimasta ya faɗa masa cewa tun rasuwar matarsa yakan wuni bai ji muryar kansa ba. Suka ƙara zagaye ɗaya.

Ranar da aka yi wa Kawu aikin ido, Hedimasta ya yi awa shida a kan bencin asibiti da ƙafar nan tasa, yana gyara wa ma'aikata kuskuren rubutun da ke jikin bango. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ɗan jinya mai fitina irinsa ba.

Shekara biyu suka yi haka. Bara babbar 'yar Hedimasta ta zo ta tafi da shi garin da take aure, don jikin ya ƙara nauyi. Kawu ne ya ɗaure masa kaya a bayan mota, ya duba tayoyin har sau biyu, ya yi wa direban faɗa a kan gudu. Kawu ya rame a watan da suka rabu, ba mu ɓoye wa juna ba. Suna waya duk Asabar, su yi musun da suka saba har caji ya ƙare.

Yanzu wani tsohon soja ya tare a gidan da ke kallon nasu, mutum ne da ko an gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Inna ta ce a ƙyale shi, wannan dutse ne. Kawu ya ce ya lura mutumin yana fama da famfon ƙofar gidansa da ke yoyo, kuma shi yana da sifana mai lamba goma sha huɗu.