Wayar da ke jira

Gazali ɗan maƙwabcina Sanda ne, a nan Gidan Amumune. Su biyu ne 'ya'ya maza a gidan. Da suka tasa, uban ya yanke: Zubairu, babban, ya tafi Arlit nema, Gazali ya zauna saboda gona da tsofaffi. Ba a tambaye shi ba.

Ya ɗan yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, ya dawo yana kula da rezon da ke haɗa ordinatocin ƙungiyar manoman wake. Ɗakuna uku ne, biro, wato ofis, da magazar ajiya da wurin awo, kowanne da akwatin da suke kira suwic, wayoyi sun ɗaure su da juna.

Wata ranar kasuwa na fake wa rana a bironsa. Fitilun akwatin duk kore, suna ƙiftawa, sai ɗaya da ta tsaya jaja-jaja.

"Waccan ta mutu ne?"

"Lafiyarta lau, Baba. Wayarta ce aka rufe. In hanyoyin duka suka buɗe, saƙo zai yi ta zagaye kamar akuya a turke, har komai ya tsaya. Sai wata ta tsinke ake buɗe ta."

"In ba ta tsinke ba fa?"

"Sai ta yi ta jira."

Na sha ruwana.

Bara bayan girbi, wani kamfani a Damagaram ya kira shi aiki, aka ce ya ba da amsa kafin wata ya mutu. A kwanakin ne ya sake tsarin akwatunan. Ya raba saƙonni gida biyu, na biro su bi wannan waya, na awo su bi waccan, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta. Fitilar nan ta koma kore.

"Amma sai akwatunan uku sun amsa suna ɗaya da lamba ɗaya," in ji shi. "Wanda ya saɓa, baƙo sauran ke ɗaukarsa."

Da yamma ya sami ubansa. Ya roƙa Zubairu ya riƙe gida da rani, shi ya riƙe da damina, don ya samu zuwa Damagaram. Sanda ya ce in Zubairu ya yarda. Ina zaune aka kira Zubairu a salula.

"Ƙane, ka ɗauka Arlit nan kusa ce kamar Kanan-Bakashe, a je a dawo bisa kabu-kabu? In na ɗaga, wani ya zauna wurina. Kai da ke inuwa ƙarƙashin fanka, me ka rasa?"

"Yaya, rani ɗaya a gwada."

"Me? Rezo ba kyau, ba na jinka. Gai da Inna."

Wata ya mutu. Na ji Damagaram sun ɗauki wani.

Shekaranjiya na leƙa, ya jawo mini kujera. Fitilu duk kore. Na tambaye shi aiki.

"Kowace waya tana tafiya, Baba."

Ya dubi rana ta taga, ya ɗauki makulli. Lokacin shayar da awakin Inna ya yi.